Fim ɗin Yaya Shitu Ya Ciyo Kofi

Litinin, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ummukulsum da muke zama benci ɗaya. Na yi barci a tsakiyar fim ɗin da aka yi a kan yayana.

Tun kafin azumi ne. Nafi'u mai shagon caji na bakin tasha ya tura mini a memori, ya ce, "Hidaya, ga na garinku ya hito." Na shige ɗakin ajiyar Kawu, bayan buhunan dawa, na sa abin kunne, na shirya kuka. Har tsumma na tanada. Ni da ko a littafi aka raba masoya sai na jiƙa filo. Ina jira kukan ya zo, ina jira, sai farkawa na yi na ga sunaye suna hawa sama, waya ta yi zafi a cinyata.

Washegari na sake kallo ido biyu. Ba mummuna ba ne. Da mummuna ne ma da na samu abin tsana. Yana nan dai, kamar ɗumamen da bai ji gishiri ba, a ci ba a mutu ba. Hoto tas. Kiɗa ne yake gaya maka inda za ka yi kuka. Garinmu Dareta, a fim ɗinsu, duk duwatsu da rafi, don can wajen Kaduna suka ɗauka, sun ji tsoron hanyarmu. Mutanen ciki suna magana kamar masu karanta labaran rediyo.

Ina goye aka yi abin, shekarar gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari, da yara suka yi ta tafiya a garinmu. Yaya Shitu yana da shekara huɗu. Ni aka ba ni magani na tashi, shi bai kai ga maganin ba. Bayan Baba bai dawo daga hanyar Bukkuyum ba, muka tattaro ni da Inna muka dawo nan Anka, gidan ƙanenta Kawu Maharazu. Shi ya ba 'yan fim labarin da suka zo suna tambaye-tambaye. Har sunan ya ba su.

Yau aka ce fim ɗin ya ciyo kofi a ƙasar Turawa. Kawu ya shigo yana ɗaga waya sama kamar shi aka miƙa wa.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na ga hoton kofin. Wani ɗan ƙarfe ne mai ruwan zinari. Zinari kuma.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Na kai wayata caji. Layi har bakin kwata, kowa da memorinsa. Nafi'u ya buga hoton daraktan rungume da kofi ya manna a ƙofar shago, a saman jadawalin ƙwallo.

Wannan Nafi'un ne fa ya ce mini kwanaki, "Wanga fim ko kyauta na ba mutum, gobe shina dawowa in goge mai in sa Indiya." Muka yi dariya tare. Ranar ce kaɗai na taɓa yin dariya a gabansa ban rufe baki ba. Na daɗe ina juya ranar a raina, har suna na ba ta.

Yau yana gaya wa wani ɗan acaɓa, "Kai ba ka gane fim ba ne. Wanga ba na kowa da kowa ba ne, sai mai zurhin tunani."

Da layi ya zo kaina na ce a hankali, "Ba kai ka ce yana sa barci ba?"

"Lokacin ban natsu ba," in ji shi, yana neman wayar caji a cikin tarin wayoyi. "Turawa ba su ba da kofi banza, Hidaya. Mutanen da sunka ƙera kyamarar hwa."

Na so in ce: an ƙara wani abu a ciki ne tun da aka ba shi kofin? An cire? Ko memorin ne ya yi hankali a aljihunka? Duk na shirya su a baki. Abin da ya fito shi ne, "To, a cika mini ita." A littafi yarinya takan ɗaga gira ta faɗi magana ɗaya, saurayi ya kwana bai runtsa ba. Ni ƙasa na kalla na bar masa canjina.

Juma'a, 9 ga Mayu, da rana

Malamin Hausa ya ce fim ɗin abin alfahari ne ga Zamfara baki ɗaya. Ummukulsum ta tambaye shi wane wuri ya fi burge shi. Ya ce duka.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan Azahar

Yanzu ba fim ɗin ake kallo ba ma. Guntu ɗaya ne yake yawo, kowa ya ɗora a sitatus. An ce saboda shi aka ba da kofin.

Uwar ce. Ta fito daga ɗaki da yaron a hannu, ta faɗi ƙasa tana birgima, ɗankwali ya tafi, tana kiran sunansa da ƙarfi har muryarta ta tsage. Sau nawa ma, ban ƙirga ba. Jan bakinta bai goge ba.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Ba wai tun da ya rasu ba, tun ranar suna. Ɗan fari ne, ita kuma 'yar Fulanin Gwashi ce. Yana raye ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in za ta kira shi sai ta ce "kai". Ni tun da na yi wayo "yayanki" take cewa, shi ma sai dole. Matan garinmu da suka dawo nan har yau suna ba da labari, wai ranar da abin ya faru Inna ce ta tashi ta ɗebo wa masu gaisuwa ruwa, idonta a bushe. Suna faɗa suna jinjina kai, wai mace ke nan.

Su ma 'yan fim ɗin Hausawa ne. Iyayensu mata ba sa kiran sunan 'ya'yansu na fari, na tabbata. Sun sani. Amma wa zai ba ka kofi don mace ta tashi ta ɗebo ruwa?

Inna ba ta gani ba. Wayarta ƙarama ce, mai tocila. Allah ya sa ta daɗe a haka.

Talata, 13 ga Mayu, kafin Magariba

Yaran lungu sun maida shi wasa. Ɗaya ya ɗaura tsumma a kai, ya rungumi galan, ya faɗi yana birgima yana ihun sunan, sauran suna tafi. A jikin katangarmu.

Inna tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Bai daɗe ba, ya ci gaba.

Ba ta tambaye ni ba. Na fita na kore su, ƙaramin cikinsu ya ce, "Ai fim ne, ya ci kofi."

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Inna ba ta karya ba. Ta ce zafi ne.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Kawu ya kira ni zaure, ya sa na zauna a kan tabarmarsa, abin da bai taɓa yi ba.

Za a haska fim ɗin a Gusau ƙarshen wata, a babban ɗakin taro, manya za su zo, da 'yan jarida. Darakta ya bugo masa da kansa. Suna son wasiƙa daga "uwar gaske" da za a karanta kafin a fara, ta ce duk abin da aka nuna haka ya faru. Suna son ita ma ta je, a tsayar da ita a gaba a tafa mata.

"Ke ka karance-karancen nan," in ji Kawu. "Ki tsara ta irin na littattahanki, wadda za ta sa manya hawaye. In kin gama ta dangwala hannu."

Na ce, "Kawu, Inna ba ta ma gani ba."

"Mi za ta gani? Ba ita anka yi ma abin ba? Ta hi kowa sani."

"Amma ai ba haka..."

"Hidaya." Ya ajiye carbinsa. "Shekara nawa muna kuka ba wanda ya ji? Yanzu duniya ta ji. Darakta ya ce fim na gaba da ni za a yi, ni ka nuna musu wurare. Kin san gona ba ta shiguwa bana ma. Gidan ga bai taɓa ƙin ku ba, ko? To ku ma kar ku ƙi shi."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

Na ce to. Kullum to.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Na sake kallonsa daga farko, da niyyar in ga abin da Turawa suka gani. Na zauna sosai, na wanke fuska, kamar mai shiga jarrabawa.

Akwai wuri ɗaya da ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Inda aka nuna takalmin yaro ɗaya a bakin rijiya, ba kiɗa, ba kowa. Sai kuma kiɗan ya dawo ya ɓata. Sauran duk yadda na bar su: mugun Alhajin da ya san dutsen da guba ya ɓoye don kuɗi, yana dariya shi kaɗai a mota. Likita kyakkyawa da ta zo daga birni. Har soyayya sun cusa tsakaninta da malamin makaranta, kuma ni da soyayya ce abincina, ko gezau. Saurayin kamar yana karanta allo.

Sai wani tunani ya zo mini, na kasa korarsa. An ce yaran da suka tashi daga gubar nan, tana barin wani abu a kai. Lissafi ba ya zama mini, kowa ya sani, malamai ma sun daina tambayata. To ko ita ce ta cinye wurin da ake gane fim mai kyau? Turawa sun ce e, malami ya ce e, Nafi'u ya ce e. Ni kaɗai, yarinyar da aka wanke wa jini tana goye.

Wataƙila ni ce matsakaiciyar, ba fim ɗin ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Na gaya wa Ummukulsum tunanin nan, ban da maganar barci. Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ni ma ban kai ƙarshe ba, amma na sa a sitatus. Wa ke tambayar ka kai ƙarshe?"

Litinin, 19 ga Mayu, da rana

Na rubuta wasiƙar. Abin da ya ba ni haushi, ba ta yi mini wuya ba. Kamar famfo. "Ya ku ma'abota hikima da kuka share hawayen uwa." "Na ga kaina a madubin fasaharku." "Duk abin da kuka nuna, haka ya faru, ba ragi ba ƙari." Inna da ko "madalla" sai ta auna kafin ta faɗa.

Kawu ya sa na karanta masa har sau biyu. Ya ce ashe karatun banzan nan yana da rana. Ya aika aka sayo mini tsire.

Na ci. Ya yi daɗi. Wannan ma ya ba ni haushi.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Kawu ya nuna wa Nafi'u wasiƙar, don shi zai kai ta Gusau. An ɗauke shi cikin masu haɗa wayoyin lasifika ranar taron, sai wani tafiya yake yi kamar an ba shi kwamishina.

Da na je karɓar waya ya tsaya da abin da yake yi. Ya kalle ni, kallo na gaske, irin wanda na yi shekara ina jira.

"Ke kinka rubuta wancan? Da kanki?"

Na ce eh.

"Ashe haka kike. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ke ma wata rana sai kin ciyo muna kofi."

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na shiga ɗaki na rungume filo ina murmushi kamar wawuya. Sai na tuna abin da ya burge shi. Abu mafi ƙarya da na taɓa rubutawa ne ya sa ya gan ni.

Duk da haka murmushin bai tafi da wuri ba. Na rubuta don kar in yi wa kaina ƙarya a nan ma.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Ba makaranta, malamai suna taro.

Inna ta shigo ina kwance ta ce, "Kunna min abin nan da yara ka kwaikwayo."

Na ce batir ba yawa. Ta ce, "Na ga kin amso ta jiya."

Muka zauna a bakin gado, na jingina wayar da kwanon sha. Tun da nake ban taɓa kallon fim da Inna ba. Ta naɗe hannu a cinya kamar mai jiran likita. Ni fuskarta nake kallo ta gefen ido.

Da aka nuno garin ta ce, "Ina ne nan?" Na ce Dareta ne wai. Ta ce, "Uhm."

Da mugun Alhajin ya fito ta matso kusa. "Wanga hwa, wane ne?"

"Shi ne ya kawo dutsen, Inna. Shi ya san da guba ya ɓoye."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ba mu da shi," in ji ta.

Da wurin ya kusa, na kai hannu zan tura gaba. Ta riƙe mini wuyan hannu, ba ta kalle ni ba. Matar ta fito, ta faɗi, ta fara kira. Sunan ya cika ɗakin nan namu da bai taɓa jin sa ba. Hannun Inna yana kan nawa, bai matsa ba, bai saki ba. Har aka gama.

Ta ce, "Kashe, kar batir ya ƙare." Ta tashi ta ɗora sanwa.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Na bar waya a cike na tafi makaranta, na dawo ta kusa mutuwa.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan Azahar

Yau ma haka, da na dawo daga Islamiyya.

Lahadi, 25 ga Mayu, kafin La'asar

Kawu ya aike ni ɗebo dawa a ɗakin ajiya. Ƙofar a sake take.

Inna ce a tsugune, ta ba ni baya, wayata a kunnenta, murya ƙasa-ƙasa. Inna da ba ta iya ajiye lamba ba, ta koyi jan ɗigon nan na ƙasan fim baya da yatsa. Matar ta kira, ta kira, ta gama. Inna ta ja baya. Matar ta sake.

Daga inda nake ina ganin gefen fuskarta. Leɓenta yana motsi tare da na matar. Ba sauti. Ko iska ba ta fita.

Na koma da baya a hankali. Na gaya wa Kawu ɓera ne ya tsorata ni, ya ce girman banza.

Lahadi dai, bayan Magariba

To yanzu me zan ce?

Na yi ta juya shi. In fim ya sa Inna ta tsuguna a bayan buhu tana motsa baki, ba shi ke nan ya yi kyau ba? Ba Turawan ne suka yi gaskiya ba?

A'a. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, kuma a'a. Inna ba fim take kallo ba. Ba ta koma kan Alhajin ba, ba ta koma kan likitar ba. Bakin wata ta ara, don nata an ɗaure shi tun tana amarya. Ko a wasan yaran lungu ta ji sai da hannunta ya tsaya, su kuma ba wanda ya ba su kofi. Sunan ne. Sunan kuwa ba darakta ya ƙirƙira ba, Baba ne ya raɗa.

Fim ɗin yana nan yadda na bar shi ranar da na yi barci. Mu ne aka juya.

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Jibi Nafi'u zai tafi. Kawu ya bar mini tawadar dangwale ya ce kafin ya dawo daga kasuwa a gama.

Na samu Inna a inuwar ɗaki tana gyaran wake. Na ce zan karanta mata kafin ta sa hannu. Ta ce, "Karanta."

Na karanta ma'abota hikima. Na karanta madubin fasaha. Ta ce, "Ni na hwaɗi wannan duka? Ashe na iya magana." Na ci gaba har na kai "haka ya faru, ba ragi ba ƙari."

Ta ajiye faifai.

"Kina da wata takarda?"

Na yago daga littafin lissafi.

Abin da ta faɗa na sani. Kowa a garinmu ya sani, don kusan kowane gida haka ne. Amma ban taɓa ji daga bakinta ba, kuma ban taɓa rubutawa ba, ko a nan.

"Ki ce musu ba wani Alhaji. Ubanki ka kawo dutsen cikin buhu, da murna, don shekarar ce munka fara cin nama ba salla ba. Ni ka daka shi. Cikin gida, a turmin da nike dakan hura. Ke kina bayana. Yayanki shina zaune gabana shina wasa da garin, shina zuba shi a gwangwani wai shi mai awo ne. Ni na ce ya matso inuwa kusa da ni, don rana."

Ta tsaya ta jira in gama rubutawa. Ta ga ina kuka ta ce, "Kar ki jiƙa takardar."

"Ki ce matar nan ta iya kira, na gode mata. Amma ni ban kira ba. Kar su ce ni ce. Kuma ba ni zuwa Gusau in tsaya a tahwa min."

Na ce, "Inna, Kawu fa? Ya ce..."

"Na san abin da ya ce, katangar zaure ba ta da kauri. Maharazu ni na goya shi. In gidan nai ya yi muna kaɗan, gwaggonki Husaina tana Gummi, tana da ɗaki." Ta ɗauki faifanta. Sai ta ƙara, ba ta ɗago ba, "Amma ke ka makaranta a nan, ba ni ba. Ni ban san baƙi ba, duk takarda ɗaya ce a idona. Kawo su duka in dangwala. Wadda kika ga dama ki ba da."

Ta dangwala a kan ta farko. Ta dangwala a kan ta biyu. Ta goge yatsa a bakin zane ta ci gaba da wakenta.

Talata, bayan La'asar

Kawu ya ga ta farko da dangwale, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ba ni ambulan ya ce in rufe in kai wa Nafi'u gobe. Maganar zuwan Inna ya ce a bar masa, zai shawo kanta.

Inna ta ba ni zaɓi kamar ta ba ni garwashi a tafin hannu. Na ji haushinta. Na ji haushin kaina da na ji haushinta.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan sallar Asuba

Ga su nan biyu a kan filo.

In na ba da ta farko: za a karanta, manya za su share ido, Kawu zai samu aikinsa, ina nan a makarantarmu, Nafi'u zai ci gaba da kallona. Ba wanda zai mutu. Inna ba za ta taɓa tambaya ba, na san ta. Sai dai duk inda fim ɗin ya je daga yau, zai je da yatsanta a jiki, yana cewa ga shaida.

In na ba da ta biyu: wataƙila ma darakta ya karanta a mota ya cusa a aljihu, a haska fim, a tafa, a watse. Ba abin da zai taɓa kofinsa. Amma zai bugo wa Kawu. Gummi ban san kowa ba sai Gwaggo Husaina, kuma an ce ajinsu ya wuce mu a lissafi.

Ta biyun ba ta da daɗin karatu. Ba kalma ɗaya a ciki da zan ja wa layi in a littafi na gan ta. Rubutuna ma ya karkace. Amma na karanta ta yanzu, ba kiɗa, kuma ban iya kai ƙarshe a zaune ba.

Na ƙara layi biyu a ƙasa, da sunana, don kar a ce ita ce: "Ni ƙanwarsa ce. Na kalli fim ɗinku kafin kofi, na kalla bayan kofi, duk ɗaya ne, matsakaici ne. Wurin takalmin nan ya yi kyau, da kun bar shi ba kiɗa."

Kullum ina zaton ranar da zan miƙa wa Nafi'u ambulan, turare zan fesa mata.

Na ninke ta biyun na sa a ciki, na lashi bakin na manne. Nafi'u yana buɗe shago da sassafe. Zan biya kafin makaranta in ba shi da hannuna. Zai yi murmushin nan ya ce, "Ita ce waccan mai sa sanyin jiki?"

Zan ɗago kai in ce masa a'a.